Ruwan Makokin Mma Ikilima

Kafin ido ya ga Mma Ikilima, hanci ya riga ya gaya wa mutum inda take. Ɗakinta ne na ƙarshe a gidan, can kusurwar da ta juya wa babbar kwatar unguwar Maamobi baya. Duk wanda ya zo wucewa ta ƙofar sai ya ja bakin mayafi ya toshe hanci, ya ce, "Ei, kwatar nan yau ta tashi." Ƙarya ne. Kwatar tana da nata warin, kowa ya saba da shi. Wannan daban ne, kuma babu wanda bai san inda yake fitowa ba.

Tun da ɓarin jikinta na hagu ya shanye aka dawo da ita daga asibiti, a kan katifar nan take, katifar da aka naɗe da leda. Bakinta ya ɗan karkace amma magana tana fita. Hankalinta kuwa garau, kuma shi ne ya fi cutar da ita. Da hankalin ya tafi tare da ƙafar, da ba ta san abin da take kwance a cikinsa ba.

Famfo ya ɗauke a unguwar tun kafin azumi. Masu ruwa sun ce rabo ake yi, yau wannan unguwa gobe waccan, amma rabon Zongo kullum a hanya yake ɓacewa. Tsofaffi suna cewa tun zamanin Turawa haka aka shimfiɗa bututun, manya zuwa gidajen masu furanni, siriri zuwa inda baƙi suka tare. Mata suka koma yawo da galan-galan rawaya har unguwar Kotobabi. Masu ƙafa suna zuwa gidan wanka na haya a bakin titi, su fito fes. Wadda ba ta da ƙafa fa?

Amma gidan Mma Ikilima akwai ruwa. Wannan shi ne abin ƙyamar. A tsakar gida akwai baƙin tanki, ƙato, a kan dakalin siminti, cike har wuya. Ɗanta Abdul-Latif ne ya cika shi ranar da famfo ya yi zuwansa na ƙarshe, sa'annan ya kira mai walda ya ƙera wa bakin famfon akwatin ƙarfe, ya datse da kwaɗo. Daga inda take kwance, in an bar ƙofa a buɗe, tankin ne abin da idonta yake fara sauka a kai da safe.

"Latifu," ta kira shi wata safiya, ya fito cikin farar jallabiya zai tafi shagonsa na kayan waya.

Ya tsaya a bakin ƙofa. Bai shiga ba. In ba ranar Lahadi ba, ba ya shiga.

"Mma, kin tashi lafiya?"

"Ban tashi ba, ɗana, a kwance nake. A ba ni bokiti ɗaya. Ɗaya kawai, a wanke ni."

"Ba Rashidatu ta goge ki jiya ba?"

"Da ruwan leda guda. Ta jiƙa tsumma, ta shafa mini fuska da hannu."

"To ai da sauƙi. Mma, kin ga yadda gari yake. Na tankin nan ajiya ce."

"Ajiyar me?"

Ya duba wayarsa, ya ce turoturo, motar hayar da yake shiga, za ta cika, ya fita. Ƙamshin turarensa ya ɗan tsaya a ƙofar, sa'annan warin ɗakin ya cinye shi.

Rashidatu, matarsa, takan shigo da safe da koko a kofi, da rana da tuwo. Ta ajiye a ƙasa, ta tura da ƙafa har gefen katifar, numfashinta a riƙe. In Mma ta yi kashi a kwance, sai an jira. Wani lokaci har rana ta take. In ta zo, ta sa leda a hannu, ta janye zanen, ta dunƙule shi ta jefa bayan ƙofa, ta shimfiɗa wani. Zannuwan suka taru a bayan ƙofar, babu ruwan wanke su. Da suka ƙare sai aka koma ɗauko na ƙasan tulin, wanda ya bushe, a karkaɗe shi a waje a mai do.

"Rashida, ko ƙasan nan ki ɗan zuba mini ruwa. Yana ci na."

"Mma, likita ya ce kada sanyi ya shige ki."

"Wane likita?"

"Na asibitin mana. Ruwa ba ya yi wa mai irin ciwonki kyau." Ta riga ta kai ƙofa. "Kuma ni ma bayana ciwo yake. Juya ki ba wasa ba ne."

Salla ce ta fi ƙona mata rai. Mace ce da ba ta taɓa tsayawa gaban Ubangijinta da ɗigon fitsari a zane ba. Yanzu in ladan ya kira, sai ta juya kai wajen bango ta motsa leɓe, tana jin kanta kamar wadda ta shiga masallaci da takalmin da ya taka kashi. Abdul-Latif ya aiko mata da dutse mai faɗi daga waje, ya ce ya tambayi malam, mara lafiya taimama ta ishe shi. Ta dubi dutsen, ta dubi tankin. Ita ba ta yi karatu mai zurfi ba, amma ta san taimama ta wanda ya rasa ruwa ce.

Mutum ɗaya ce a gidan take shiga ɗakin ba tare da toshe hanci ba: Amama, tsohuwar 'yar haya mai sayar da koko da ƙosai a bakin tasha. Galan ɗin da take ɗaukowa daga Kotobabi a kai, shi ne na gasara, shi ne na sha, shi ne na alwala. Duk da haka takan rage ɗan abin da ya saura a gindin galan, ta shigo da shi in ta dawo.

"Yaya Ikilima, na zo. Yau ma kin ƙi tashi ki taya ni suya, ragguwa."

"Ke dai ƙosanki ba gishiri, ko na tashi ba zan ci ba."

Amama ta durƙusa, ta tura kafaɗa ta juya ta. Sai dariyar ta tsaya. A ƙugu da gindin baya fatar ta saɓule, ja jawur, gefenta ya fara baƙi. Ledar katifar ta manne da naman.

"Me kika gani?"

"Ba komai. Ɗan ja ne."

"Amama, kada ki yi mini ƙarya, ina jin sa."

Amama ta jawo galan ɗin kusa. Ta jiƙa tsumma tana dannawa a hankali, ruwan ya ƙare tun ba ta kai cinya ba. Ta miƙe ta fita da galan ɗin a hannu, kai tsaye wajen Rashidatu, wadda ke zaune a inuwar tankin tana tsince shinkafa. Ƙofa a buɗe take, Mma Ikilima tana jin komai.

"Rashida, ba ni mabuɗin nan."

"Yana wajen Baban Razak," in ji ta, tana nufin mijinta.

"To kira shi. Uwar mijinki tana ruɓewa da ranta."

"Anti Amama, kafara, amma wa ya aike ki? Kullum ki shiga ɗakin nan ki fito kina yamutsa fuska, so kike unguwa ta ce ba ma kula da ita?"

"Ba sai na faɗa ba, iska tana faɗa. Ruwa ga shi kina jingine da shi kamar kujera. Na mene ne? Za ku haifi kifi ne a ciki?"

Rashidatu ta ajiye farantin. Ta rage murya, amma ba ta rage yadda ya kamata ba.

"Kin manta makokin Alhaji Ziblim? Kina wurin. Mutane daga Kumasi, daga Tamale, aka rasa ruwan alwala. Manya da rawani suna bin gidajen maƙwabta da buta. Shinkafa ba ta dahu ba sai bayan la'asar. Har yau in an ambaci gidan, abin da ake tunawa ke nan. Likita ya ce wa Baban Razak a kai ta gida a shirya. To mun shirya. In abin ya zo gobe, da me za a wanke ta? Da me jama'a za su yi alwala? Ke za ki ɗauko mana daga Kotobabi a kai?"



"Ruwan makokinta ne," in ji Amama.

"Mutuncinta ne. Kuma in kin ga ɗakin hayarki ya ishe ki, masu nema suna da yawa."

Mma Ikilima ta rufe ido. Ashe duk safiyar nan abin da take kallo ke nan. Ta ɗauka rowa ce, ta ɗauka ko sayarwa zai yi in ruwa ya ƙara tsada, har ta yi masa uzuri a ranta cewa gari ya matse. Ashe nata ne. An ajiye mata, sai dai ba za a ba ta ba sai ta daina numfashi.

Da yamma da Abdul-Latif ya dawo ta kira shi, ta ce ya shigo. Ya sa ƙafa ɗaya a ciki.

"Na ji abin da ka tara mini."

"Mma, kada ki saurari tsohuwar nan."

"Matarka ce ta faɗa. To tun da nawa ne, ba ni rabi yanzu. Rabin a wanke gawar."

"Subhanallahi, wace irin magana ce wannan? Wa ya ce za ki mutu?"

"Tankinka."

Ya shafa gemu. Ya yi magana a hankali, irin yadda yake yi wa mai sayen waya bayani.

"Mma, ke ba ƙaramar mace ba ce a Zongo. Duk suna, duk biki, duk makoki, kin je. Ranar taki ba za a ƙirga mutane ba. In aka wulakanta a ranar, ba ni kaɗai za a zaga ba, sunanki ne zai ɓaci. In na buɗe yau, 'yan haya za su ce su ma a ba su, kafin Juma'a ya ƙare. Motar tanka ba ta shiga lungun nan, kin sani. Don ke nake yi, wallahi don ke."

"Ɗana, tsutsa ce za ta riga jama'arka zuwa."

"Ciwo ne yake sa ki faɗin haka. Allah ya ba ki lafiya." Ya janye ƙafarsa.

Ranar Lahadi 'yarta Nasiha takan kira daga Amurka a waya mai hoto. Ranar ne kaɗai ake gyara ta. Rashidatu ta shigo da sabon mayafi mai ruwan zinariya, ta lulluɓe ta daga wuya zuwa ƙafa, ta ɗaura mata kallabi, ta shafa mata mai a fuska, har da kwalli. Ta tura tulin zannuwan can inda waya ba ta gani. Abdul-Latif ya shigo da ƙyalle a hanci, ya cire shi daidai lokacin da fuskar Nasiha ta bayyana.

"Mma! Masha Allah, kin yi kyau! Har kin yi haske."

"Nasiha, ina son ruwa."

"Yaya, a ba ta ruwa mana."

Rashidatu ta miƙo ruwan leda da sauri, ta huda shi da haƙori, ta kai mata baki tana murmushi wa wayar.

"Ba na sha ba. Na wanka. Ba a—"

"Ga tanki can, cike," in ji Abdul-Latif, ya juya wayar ta ƙofa. "Kin gani? Gidanmu kaɗai ke da ruwa a layin nan. Mantuwa ce ta fara kama ta, wani lokaci ta ci abinci ta ce ba ta ci ba."

"Ayya, Mma. Yaya, Allah ya saka muku, ku ne kuke fama. Anti Rashida, sannu da ƙoƙari."

"Yoo, ai uwarmu ce duka."

Waya ba ta ɗaukar wari. Da an kashe, Rashidatu ta yaye mayafin tun bai kama warin ba, ta ninke, ta fita da shi.

Daga ranar Mma Ikilima ta daina sha. Ta yi lissafinta ita kaɗai: in babu abin da ya shiga, babu abin da zai fita ya jiƙa gyambon. Kokon safe ta bar shi ya yi sanyi ƙudaje su sha. Ruwan leda ta tura shi ƙarƙashin matashi. Leɓenta ya tsage, harshenta ya zama kamar soso. Fitsarin ya ragu, amma ɗan da ke fita ya koma ja, yana ƙuna kamar barkono. Gyambon ya buɗe baki. Da rana in ɗakin ya yi zafi takan ji wani abu yana motsi a cikinsa, ɗan ƙaramin motsi mai ƙaiƙayi, ta san ko mene ne, ba ta da hannun da zai kai wurin.

Rashidatu ta lura kokon ba ya raguwa. Ta gaya wa mijinta a tsakar gida cewa Mma ta daina cin abinci, alama ce. Shi kuwa ya je ya yi magana da masu ba da hayar rumfa da kujeru, ya ce su zauna da shiri.

Wata safiya bayan Amama ta tafi tasha, Mma Ikilima ta ji ɗakin yana nisa da ita. Ta so ta ɗaga hannunta mai lafiya, ya ƙi. Ta so ta rufe baki, ya ƙi. Idonta a rabin buɗe, ba ta ganin komai sai fari-fari. Kunnenta kaɗai ya rage.

Ta ji takun Rashidatu, ta ji kofi ya taɓa ƙasa.

"Mma. Mma?"

Ƙafa ta zungure ta a tafin ƙafa. Sai ihu.

"Baban Razak! Wayyo, Baban Razak, Mma ta tafi!"

Ta ji gudunsa ya tsaya a inda ya saba tsayawa, bakin ƙofa. Daga nan ya leƙa. Bai taɓa wuyanta ba, bai kai kunne ƙirjinta ba, bai sa ko bayan hannu a hancinta ba. Wa zai matsa kusa da wannan warin?

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji shi. "A rufe ta. A kira Anti Amama, ita ta saba da ɗakin."

Aka jefa mata zane a fuska daga nesa. Can sai ta ji abin da ta daɗe tana jira: ƙarar kwaɗo, ƙarar murfin ƙarfe, sa'annan ruwa yana dukan gindin bokiti da ƙarfi, shaaa, bokiti bayan bokiti. Ta ji ana jan ƙarafan rumfa a lungu, ana sauke kujeru, ana hura gawayi. Ta ji ɗanta a waya yana cewa bayan la'asar in Allah ya so, a gaya wa mutanen Nima da na Zongo Lane, a gaya wa 'yan Agbogbloshie. Ta ji yana cewa, "Ruwa ba matsala, akwai ruwa."

Amama ta shigo tana kuka, hannunta da warin man suya. Ta tura ƙofa ta rufe. Ta yaye zanen, ta kai hannu za ta ɗaure mata haɓa, sai hannun ya tsaya. Ta kifa kunne a ƙirjin. Ta daɗe a haka.

"Yaya?" ta ce a hankali. "Yaya Ikilima, kina nan?"

Ta laluba ƙarƙashin matashi ta ciro ruwan ledar nan, ta huda, ta ɗiga mata a harshe. Ɗigo, ɗigo. Maƙogwaron ya motsa. Ta ƙara. Mma Ikilima ta ji duniya tana dawowa kaɗan-kaɗan, da zafinta da warinta. Ta buɗe ido ta ga fuskar Amama jiƙe da hawaye, baki a buɗe za ta ƙwala kira.

Da hannunta mai lafiya ta kama bakin zanen Amama.

"Kada," ta ce, da ƙyar. "Wanke ni tukuna."

Amama ta dube ta. Ta dubi ƙofa. Ta share fuska da gefen mayafi, ta miƙe, ta buɗe ƙofar kaɗan.

"A kawo ruwan wanka! Mai ɗumi!"

Ku zo ku ga gudu. Rashidatu da kanta ta ɗauko bokiti biyu, bayan nan nata mai ciwo bai ce komai ba. Ta kawo sabon sabulu a takardarsa, sabon soso, sabon baho, da farin tawul da ba a taɓa gani a gidan ba. Ta ajiye a bakin ƙofa ta ce zuciyarta ba za ta iya ganin gawar Mma ba.

Amama ta ja katifar gefe, ta kwantar da ita a tabarma, ta fara zubawa. Ruwan farko da ya gangara baƙi ne. Ta wanke gyambon, ta tsince abin da ke cikinsa da tsinke. Ta warware kitson da ya dunƙule ya zama kamar igiya, ta cuɗa kan da sabulu har sau uku. Mma Ikilima ta cije leɓe don kada nishi ya fita, hawaye yana bin kunnenta. Ba na zafi ba ne kaɗai.

"A ƙaro ruwa!"

Aka ƙaro.

"A ƙaro!"

"Anti Amama, a yi mata sosai," in ji Abdul-Latif daga waje, da ƙarfi don na rumfa su ji. "Kada a yi mata ƙwauro. Uwa ce."

Amama ta wanke ledar katifar, ta wanke daɓen ɗakin har kusurwoyi, ta jiƙa tulin zannuwan a baho. Ta yi mata alwala gaɓa-gaɓa. Ta ɗauko kokon da Rashidatu ta ajiye da safe ta ba ta a cokali. Sa'annan ta juya ta gabas, Mma Ikilima ta yi sallarta da ido da leɓe, a tsarkake.

"Yanzu fitar da ni," ta ce.

Rumfa ta cika. Dattawan unguwa a sahun gaba, butoci jere a gabansu, mata a tsakar gida ana kwashe shinkafa a manyan robobi. Amama ta buɗe ƙofa gaba ɗaya, ta kira mata biyu, suka ɗauko ta a kujerar roba, kanta a ɗaure da farin tawul. Wata ta saki tire. Wasu suka ruga lungu. Wani dattijo ya miƙe yana salati, rawaninsa ya warware.

"Allahu akbar! Mma!" Abdul-Latif ya faɗi gabanta a gwiwa, yau dai ya matso kusa. "Jama'a, ku taya ni godiya, Allah ya dawo mini da uwata!"

Ta bar shi ya gama. Muryarta ba ta da ƙarfi, sai da aka yi shiru.

"Ku shaida. An wanke ni yau. Rabona da wanka tun kafin azumi, ga ruwa a gidana, an ajiye muku. Amama, nuna musu bayana."

Maza suka kau da kai. Matan da suka leƙa suka ja baya, ɗaya ta toshe baki ta nufi kwata.

"Ranar da na mutu da gaske, kada a kafa rumfa a gidan nan. Kada a dafa komai. A kai ni masallaci a sallace ni a binne. Wanda ya zo ya yi alwala da ruwan tankin nan da sunan makokina, ban yafe ba. Wasiyyata ke nan. A ba ni ruwana ina da rai."

Kuna tsammanin wani ya tashi? Dattawan suka dubi juna. Babbansu ya yi gyaran murya ya ce lallai wannan aya ce, ikon Allah ne, a yi haƙuri, maganar cikin gida ce, tsakanin ɗa da uwa ba a shiga. Abdul-Latif ya bi su ɗaya-ɗaya yana raɗa cewa zafin ciwo ne, kanta ya taɓu, 'yar'uwarsa ta Amurka ma ta sani. Suka gyaɗa kai. Shinkafa ta riga ta dahu, aka ce ba kyau a yi almubazzaranci, aka mai da ita sadakar godiya. Suka ci. Suka wanke hannu da ruwan, suka kurkure baki suka tofar a gindin tankin, suka yi addu'a suka watse.

Da rumfa ta sauka, Abdul-Latif ya je ya ƙwanƙwasa cikin tankin da ɗan yatsa, daga sama zuwa ƙasa, yana saurare. Fuskarsa ta ɓaci.

"Anti Amama, kin san tana da rai kika yi ta cewa a ƙaro? Dubi inda ya koma. Yanzu in abin ya zo da gaske, da me za mu karɓi mutane?"

A gaban uwarsa ya faɗa, tana zaune a kujerar, gashinta bai bushe ba. Ya mai da murfin ƙarfen ya datse. Washegari ya ce wa Amama ta nemi ɗaki kafin wata ya mutu.

Mma Ikilima tana nan da ranta a ɗakin ƙarshe. Warin ya dawo. Babu wanda zai ce bai sani ba yanzu, domin duk Maamobi ta ci shinkafar. Masu rawanin da suka zauna a sahun gaba, masu wa'azin haƙƙin iyaye ran Juma'a, matan ƙungiya masu anko da suke tara gudummawar makoki, duk sun ga bayan nan ko an ba su labarinsa. Ba a nemi ku kawo ruwa daga Kotobabi ba, ruwa yana gidan. Mutum ɗaya ake nema mai nauyin baki, ya taka ya je ya tsaya a tsakar gidan ya ce, "Latifu, buɗe," kuma kada ya tafi sai an buɗe. Gidan ba ɓoyayye ba ne, kun san hanya, kun zo da ƙafarku ranar da kuka ji ta mutu. Ku zo yau, tana numfashi, kuma in kun zo ku shiga ɗakin, kada ku tsaya a bakin ƙofa.